Ragar aikin ƙaba da haihuwar maza

Ragar aikin ƙaba wani saƙi ne na zaren roba, galibi na sinadarin folifurofilin, wanda likitocin tiyata ke shimfiɗawa a bangon mara domin toshe gurbin da hanji ko kitse ke ɓullowa. Ƙabar matsematsi, wadda ake kira gwaiwa idan ta gangara cikin maraina, tana cikin cututtukan da aka fi yi wa tiyata a duniya, domin ana yin wannan aiki sama da miliyan 20 a kowace shekara, kuma mafi yawan masu ita maza ne. Likita Francis Usher na Amurka ne ya yaɗa amfani da ragar roba a ƙarshen shekarun 1950, sannan a 1989 Irving Lichtenstein da abokan aikinsa suka wallafa hanyar shimfiɗa ta ba tare da an ɗaure tsoka da ƙarfi ba. Hanyar ta karɓu ne saboda ta rage dawowar ƙaba sosai idan aka kwatanta da ɗinki zalla.

Damuwa game da haihuwa ta samo asali ne daga wurin da ragar ke zama. Ƙabar matsematsi tana bin hanya ɗaya da igiyar maraina, wadda a cikinta akwai bututun da ke ɗauko maniyyi da kuma jijiyoyin da ke kai wa ɗan maraina jini su dawo da shi. Jiki yana ɗaukar raga a matsayin baƙon abu, sai ya kumbura kewaye da ita, ya gina nama mai tauri a cikin ramukanta. Wannan taurin shi ne ƙarfin gyaran, amma shi ne kuma zai iya riƙe bututun maniyyi ya matse shi, ko ya takura jijiyoyin jini har ɗan maraina ya ƙanƙance. Gwaje-gwaje a kan karnuka da aladu da zomaye sun nuna irin wannan tauri a gefen igiyar.

A 2005 David Shin da abokan aikinsa suka ba da rahoton maza 14 a Amurka waɗanda ba a sami ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsu ba bayan an sa musu ragar folifurofilin. Tara daga cikinsu bututun ya toshe ta ɓangarorin biyu, sauran biyar kuwa ɓangare ɗaya ne ya toshe alhali ɗayan yana da tasa matsalar. Rahoton ya tabbatar da cewa abin yana faruwa, sai dai an tattaro mutanen ne daga masu neman maganin rashin haihuwa, saboda haka ba ya nuna yawan aukuwarsa. Akwai kuma wahalar rarrabe laifin raga da na aikin kansa, tunda an san bututun maniyyi yana jin rauni a aikin ƙaba ko da ba raga, musamman wanda aka yi wa mutum yana yaro.

Manyan bincike sun fi kwantar da hankali. A Suwidin an duba bayanan maza sama da 34,000 daga rajistar aikin ƙaba ta ƙasa, aka wallafa a 2012 cewa rashin haihuwa bayan sa raga ba matsala ce mai yawa ba. A Denmak wani bincike na 2018 a kan maza sama da 32,000 bai ga raguwar yawan 'ya'yan da suka haifa ba. A Beljiyam an lura da raguwar motsin ƙwayoyin maniyyi shekara guda bayan sa wasu nau'o'in raga marasa nauyi ta ƙananan hujin da ake yi a ciki, amma bayan shekara uku ba a ƙara ganin wannan raguwar ba. Ƙa'idojin aikin ƙaba na ƙasa da ƙasa na 2018 sun ci gaba da fifita raga ga manya.

Duk da haka, bai dace a yi wa kowa kuɗin goro ba. Namiji mai lafiyayyun 'ya'yan maraina biyu da aka yi wa aiki a gefe ɗaya haɗarinsa ƙarami ne ƙwarai, domin ɗaya ya isa haihuwa. Wanda ya cancanci a zauna a yi masa bayani sosai shi ne matashi mai ƙaba a gefe biyu, ko mai ɗan maraina guda, ko wanda maniyyinsa dama yake da rauni. Irin wannan ana iya gwada maniyyinsa ko a adana shi kafin aiki, ko a zaɓi ɗinki ba raga irin na Shouldice, wanda aka samar a Toronto ta Kanada. Yara kuwa ba a saba sa musu raga ba. Jinkirta aiki don tsoro yana da nasa haɗarin, domin hanji na iya maƙalewa jini ya daina isa gare shi, abin da kan kai ga rasa rai.

Idan toshewar ta auku, ana iya sake haɗa bututun da madubin tiyata, ko da yake taurin naman kan sa aikin ya yi wuya, ko kuma a zuƙo ƙwayoyin maniyyi kai tsaye daga maraina a haɗa su da ƙwan mace a ɗakin gwaji.