Koyar da farfaɗo da zuciya a makarantun sakandare

Farfaɗo da zuciya, wanda likitoci ke kira CPR, shi ne danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya domin jini ya ci gaba da kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar da ta rasa jini takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6, lokacin da da wuya ya ishi mota ta taso daga Asawase ta ratsa cunkoson Kejetia ta kai asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi a Ghana. Na kusa da wanda ya faɗi ne ke da damar ceto, shi ya sa ake koya wa ɗalibai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi bayan a riƙa koyarwa awa 2 duk shekara tun daga ɗan shekara 12.

Ana yin darasin a kan mutum-mutumin roba. Ɗalibi zai girgiza kafaɗa, ya duba numfashi bai wuce daƙiƙa 10 ba, sannan ya nuna mutum ɗaya ya ce ya kira lambar gaggawa ta 112. Sai ya ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ya danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan dannawa 30 a hura iska sau 2. Wanda ba zai iya sa baki ba ya ci gaba da dannawa kawai.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar shaƙuwa mai kama da minshari da wanda zuciyarsa ta tsaya kan yi a matsayin numfashi, sai a tsaya ana fifita ko yayyafa ruwa, abin da ba ya tayar da zuciya. Na biyu, dannawa sama-sama don tsoron karya haƙarƙari. Yakan karye, amma yana warkewa. Hannu ma na gajiya, don haka a canji juna duk minti 2.

Na'urar AED kuwa, wadda ke ba zuciya lantarki don bugunta ya dawo daidai, da kanta take magana. A kunna, a buɗe ƙirji ko da mace ce, a goge gumi, a manna faifan na'urar masu danƙo, ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya ƙasan hammatar hagu. Idan ta ce a ba da lantarki, kowa ya ɗauke hannu, bayan nan a koma dannawa nan take. Faifan na da ranar ƙarewa, kuma zafi na busar da danƙonsu, don haka makarantar kwana ta riƙa duba su da batir duk wata, kada kuma a kulle na'urar a ofis da dare.