Me Ɗan Katsina Zai Yi Da Faransanci? Tambayoyi Da Amsoshi

Duk lokacin da aka ta da zancen koyar da harsunan waje a makarantunmu, tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne. Ga waɗanda aka fi yi, da abin da nake gani a kansu.

Yaron da Turanci ma bai zauna masa ba, a ƙara masa wani harshe? Ba taura biyu ba ce?

Yaron Kano yana tashi da Hausa a gida, da Larabci a makarantar allo ko Islamiyya, da Turanci a boko. Na Yola ya haɗa da Fulatanci, na Maiduguri da Barbarci, kuma ba a taɓa jin kan wani ya fashe ba. Abin da ke kayar da yaro shi ne a ɗora masa baƙon harshe alhali bai iya karanta nasa ba. Farfesa Babs Fafunwa ya gwada wannan a Ife daga 1970: aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara 6 na firamare, Turanci yana matsayin darasi kawai, kuma ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Saboda haka yaro ya fara iya karatu da Hausa, sauran su biyo baya.

Me ya sa Faransanci, duk da yawan harsunan duniya?

A duba taswira. Binin, Nijar, Chadi da Kamaru ne suka kewaye Najeriya, kuma da Faransanci ake aikin ofis a dukkansu. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, ta ratsa jihohi 7: Kabbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Mutumin Jibiya ya fi kusa da Maraɗi a kan Kano.

To ai da Hausa ake ciniki a Maraɗi da Damagaram. Ina amfanin wahalar?

Gaskiya ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi nauyi. A kasuwar Maigatari ko ta Illela babu mai buƙatar tafinta kafin ya sayi raƙumi. Ka shiga Birnin Ƙonni, ka gaisa, ka ci tuwo, ka nemi aure ma, duk da Hausa. Matsalar tana farawa ne sa'ad da aka fito da takarda. Takardar da jami'in duwan, wato kwastan, zai miƙo maka da Faransanci take. Haka rasiɗin tarar da jandarma zai yanka maka, da takardar likita, da yarjejeniyar hayar sito, da takardun fiton kaya a tashar jirgin ruwan Kwatano ko ta Lome. A nan ne attajirin da ya yi shekara 20 yana fatauci zai koma kamar ɗan koyo, yana sa hannu a kan abin da wani ya ce masa an rubuta. In mai fassarar ɗan amana ne, falillahil hamdu. In kuwa ba haka ba, sai an zo lissafi a gane.

Ga kuma aikin albashi. Harsunan aiki na ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, uku ne: Turanci, Faransanci da harshen Fotugal. Mai biyu daga ciki ya sha gaban mai ɗaya tun kafin a zauna ganawa.

Ba a ce Nijar ta yi watsi da Faransanci ba?

A 2025 mahukuntan Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya faranta ran kowane Bahaushe. Amma sun bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Littattafan lakwal, wato makarantar boko, da kundayen kotu ba sa sauya harshe a dare ɗaya. Koyon harshe kuma ba mubaya'a ba ce ga masu shi; mun koyi Turanci, ba mu zama 'yan Ingila ba.

Ai yana cikin manhaja tuntuni, ko ba haka ba?

A takarda, e. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, daga baya manufar ilimi ta ƙasa ta wajabta shi a firamare da ƙaramar sakandare. Akwai ma ƙauyen koyon Faransanci na gwamnati a Badagry tun 1991, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna cikin harshen. Amma leƙa makarantun gwamnati na karkara. Wasu ba su da malamin ko ɗaya. Inda ake da shi, sai a ba shi darasi ɗaya a mako, ya cika allo da sarrafa fi'ili, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Bayan shekara 3 yaro bai iya tambayar farashin albasa ba. Laifin ba na harshen ba ne.

Larabci da Sinanci fa?

Larabci ba baƙo ba ne a wurinmu. Makarantar Nazarin Larabci ta Kano ta faro tun 1934, an kuma kafa ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno. Inda gizo ke saƙa shi ne da yawa sun iya nahawu da karatun littattafai, amma hira da direba a Jidda ko likita a Alƙahira sai ta gagara. A ƙara musu Larabcin magana. Sinanci kuwa 'yan Kantin Kwari masu zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sun san darajarsa, kuma akwai cibiyoyin Confucius masu koyar da shi a jami'ar Legas da ta Awka. Sai dai makarantar da ta kasa samun malamin Faransanci, mai maƙwabtaka da masu harshen, ina za ta samo na Sinanci? A bar shi zaɓi a babbar sakandare.

Daga ina za a fara?

Daga malamai. A Maraɗi, Tawa da Damagaram akwai matasan da suka gama karatu da Faransanci, suna jin Hausa kamar kowa, kuma su ma makarantunsu na neman masu koyar da Turanci. Jihohin kan iyaka za su iya shirya musanya ta zango ɗaya ko biyu. A mayar da darasin sau 3 a mako, rabin lokacin ya tafi a magana: ciniki, tambayar hanya, cike fam. A jarrabawa kuma a zaunar da yaro, a miƙa masa rasiɗin duwan na gaske, ya karanta, ya faɗi nawa aka rubuta da kuma dalilin biyan.