Me ake nufi da daidaiton kayan soja a wasan yaƙi na ƙananan mahaya?

Ranar Asabar na tarar da ɗan yayata a zaure, nan Mandawari, ya duƙufa kan wani ɗan mahayi na roba da bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Burushin hannunsa siriri kamar tsinken sakace. Ya shafa wa rigar shuɗi, ya duba waya, sai ya hau gogewa. Na ce lafiya? Ya ce, "Kawu, shekarar na kuskure. A 1812 farare suke sawa."

Wasan da yake yi a kan tebur ake yin sa. Ana jera ƙananan sojoji na roba ko na dalma, galibi masu tsawon milimita 28 ko 15, a auna tafiyarsu da tef irin na tela, a jefa ɗan ludo don a san wanda ya yi galaba. Tushensa wasan horar da hafsoshi ne da sojojin Furushiya, a Jamus ta yanzu, suka karɓa a 1824. Shi kuwa daidaiton kayan soja, ma'anarsa a yi wa kowane mahayi fenti da shigar da rundunarsa ta yi a ainihin shekarar da ake kwaikwayo, tun daga hula har zuwa shimfiɗar sirdi da launin dokin.

Ɗan mahayin nan nasa na rundunar Karabiniya ne, daga cikin baraden Napoleon na Faransa. A yaƙin Austerlitz na 1805 shuɗin kaya suka sa da doguwar hular gashin dabba. Daga 1810 aka sauya musu: farar riga, sulken ƙirji mai rufin tagulla, da kwalkwali mai jan tukku. Ka ga runduna ɗaya ce, amma shekara biyar ta mai da ita wata iri. Wani lokacin ma bambancin runduna da runduna bai wuce launin wuyan riga da bakin hannu ba. Doki ma da nasa hukuncin. Rundunar Birtaniya ta Scots Greys, wadda ta yi sukuwa a Waterloo ranar 18 ga Yuni, 1815, da kilin dawakanta aka san ta. In ka ɗora su kan akawal ka ɓata.

Wani zai ce wannan ai neman wahala ne. Ni ban ga haka ba, kuma Bakano ne ya fi cancanta ya gane dalili. A hawan Daushe, tun daga nesa dattijo zai ce maka ga 'yan lifida, ga 'yan sulke, ga tawagar hakimi wane, tun kafin ya ga fuskar kowa. Shigar ce ke magana. Haka abin yake a fagen fama cikin hayaƙin bindiga, da kaya ake gane nawa da na abokin gaba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne namu mahayan. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Duk mai son zana baraden da suka tari Turawa a 1903, sai ya san lifidi ɗinkakken bargo ne mai kauri da aka cusa wa audugar rimi, yana rufe doki da mahayi don kibiya kada ta shiga. Sai ya san takobinmu miƙaƙƙe ne, a kafaɗa ake rataya shi da hamila, ba a ƙugu ba. Likkafarmu kuma faffaɗa ce, tana ɗauke tafin ƙafa gaba ɗaya. Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne a ɗauki hoton hawan sallar bana, da yadinsa mai ƙyalƙyali da adon jalala, a ce haka aka fita yaƙi. Kayan hawa daban, kayan daga daban, ko da sunansu ɗaya.

Da na gama wannan bayani, yaron ya ajiye burushi ya ce, "Kawu, to lifidin wane launi ne a lokacin?" Mun yi da shi Asabar mai zuwa za mu Gidan Makama mu dubi kayan yaƙin da ke ajiye, kuma in sallah ta zo mu sami wuri da wuri a Ƙofar Kudu, ya ga yadda lifidi ke sauka a jikin doki in yana tafiya.