Wa za mu tambaya idan dashen ya bushe?

Jama'a, assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, kuma akwai abin da yake damuna duk damina. A zo da motoci, a dasa itatuwa, a ɗauki hoto, a watse. Kafin bazara awaki sun cinye rabi, rana ta ƙone sauran. Mutanen gari kuma su ce ai aikin gwamnati ne, su kakkaɓe riga.

To, aikin nan yana da mai shi. Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015 domin jihohi 11 da hamada ke ci, daga Kebbi har Borno. Ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a arewacin Najeriya, wanda Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 700. A irin waɗannan shirye-shirye, na gwamnati ko na ƙungiyoyi, akan ɗora wa wani jami'i gudanar da ayyuka, galibi a kira shi darakta. Wasu suna tsarawa a takarda, shi kuwa nasa shi ne abin ya tabbata a ƙasa.

Shi zai tabbatar an reni dashen watanni kafin ruwa, ya iso gari a Yuli lokacin da ƙasa ta jiƙa. Na taɓa karɓar mota guda ta dashe a ƙarshen Satumba, ruwa yana ɗaukewa. Mun dasa saboda an kawo, amma zuciyata ta san asara muke binnewa, har yau ina jin ciwon abin. Daraktan ne kuma zai duba ko rijiyar burtsatse tana aiki, ko an yi shinge, ko mai gadi ya karɓi kuɗinsa, domin mai gadin da yake bin bashin wata uku ba zai kori akuya ba. Kafin a haƙa rami ɗaya, wajibi ne ya zauna da mai gari da arɗo, kada a dasa a kan burtali a haifar da rigima.

Zaɓen itace ma nasa ne. Gawo yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa. Dakwara tana ba da ƙaro na sayarwa. Wani lokaci ma ba a buƙatar sabon dashe: a Maradi, tun wajen 1983, manoma suka koyi barin tohon kututture suna gyara shi, abin da suke kira sassabin zamani, har miliyoyin hekta suka farfaɗo a Nijar. Darakta mai hankali zai fara duba abin da ke raye a gonakinku tukuna.

Don haka ranar da suka zo, kada ku tsaya ga tafi. Mai gari ya nemi sunan jami'in da lambarsa. Ku tambayi wa zai yi ban ruwa da rani, kuma yaushe za a dawo a ƙirga waɗanda suka rayu. Ku ma ku ƙirga naku a watan Afrilu, ku rubuta, ku kawo mana.