Kirista Zai Iya Yarda a Yi Masa Hifnotizim? Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne hifnotizim, kuma ina ya samo asali?

Hanya ce da ake bi da magana a natsar da mutum, ya tattara hankalinsa wuri guda, har ya riƙa karɓar abin da ake faɗa masa cikin sauƙi. A ido kamar barci yake yi, amma yana jin duk abin da ake cewa. Likita Bajamushe Franz Mesmer ne ya yayata shi a Faris, yana iƙirarin cewa wani ɓoyayyen ƙarfi ne ke gudana daga jikinsa zuwa na marar lafiya. A 1784 Sarkin Faransa ya kafa kwamitin bincike, ciki har da masanin kimiyya Ba'amurke Benjamin Franklin, suka ce babu wani ƙarfi, tunanin mutum ne ke aiki. Abin lura shi ne, wani limamin Katolika haifaffen Goa a ƙasar Indiya, Abbé Faria, yana cikin na farko da suka koyar da haka.

Littafi Mai Tsarki ya hana shi?

Bai ambace shi ba. Masu hana shi sukan kafa hujja da Maimaitawar Shari'a 18:10-12, inda aka haramta duba, sihiri da tuntuɓar matattu. Wannan hujjar tana da ƙarfi ne kawai idan an riga an yarda cewa hifnotizim aikin ruhohi ne, wanda kuwa shi ne ainihin abin da ake taƙaddama a kai. Hujjar da ta fi nauyi, a ganina, ita ce ta kamun kai. Galatiyawa 5:23 ta lissafa shi cikin 'ya'yan Ruhu, 1 Bitrus 5:8 kuma ta ce a natsu, a zauna a faɗake, don haka mai bi yana da dalilin tambaya ko ya dace ya sassauta tsaron zuciyarsa a gaban wani ɗan Adam. Masu yarda sukan amsa cewa wanda aka yi wa allurar barci kafin tiyata ya fi haka miƙa kansa, ba a kuma ce ya yi zunubi ba.

Mene ne matsayin ikilisiyoyi?

Bakinsu bai zo ɗaya ba. Tun 1847 fadar Vatican ta bayyana cewa ba haramun ba ne muddin babu kiran shaiɗan, babu camfi, manufar kuma ba muguwa ba ce. A 1957 Fafaroma Pius na 12 ya amince likitoci su yi amfani da shi wajen rage zafin ciwo, bisa sharaɗin kiyaye ƙa'idojin aikin likita, shekara biyu bayan Ƙungiyar Likitocin Birtaniya ta amince da shi. Ikilisiyar Adventist ta daɗe tana ƙinsa bisa gargaɗin Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Shaidun Jehobah ma suna guje masa, haka nan fastocin Fentikos da dama.

To ina haɗarin yake?

Mafi yawansa yana ga abin da ake yi da mutum bayan ya natsu. Akwai masu iƙirarin mayar da mutum ga rayuwar da ya yi kafin a haife shi, abin da ya saɓa wa Ibraniyawa 9:27, wadda ta ce sau ɗaya ɗan Adam ke mutuwa, sai shari'a. Akwai kuma matsalar ƙagaggen tuni: mutum kan fito yana rantsuwa da abin da bai taɓa faruwa ba, shi ya sa kotuna da yawa a Amurka suka taƙaita karɓar irin wannan shaida. Hifnotizim na wasan dandali kuwa, inda ake mai da mutum abin dariya, da wuya a kare shi.

Wanda likita ya ba shi wannan shawara fa?

Ya tabbatar cewa mai yin aikin likita ne ko masanin halayyar ɗan Adam mai lasisi, ya tambayi abin da za a faɗa masa tun kafin a fara, ya kuma nemi shawarar fastonsa. Idan lamirinsa bai kwanta ba, Romawa 14:23, wadda ta ce duk abin da ba na bangaskiya ba zunubi ne, ta isa hujjar ya ƙi, ya nemi wani magani.