Waƙar Kantiri a Rediyo da Talabijin da Alaƙarta da Addini

Waƙar kantiri, wadda Amurkawa ke kira country, salon kiɗa da waƙa ne da ya taso a karkarar kudancin Amurka, musamman yankin tsaunukan Appalachia, ya kuma fara shiga faifai a farkon shekarun 1920. Kayan kiɗanta na asali su ne goge irin na Turawa da banjo da jita. Daga baya aka ƙara wata jita da ake kwantarwa a gaban makaɗi yana goga mata guntun ƙarfe, sautinta kamar mai kuka. Cibiyar sana'ar ita ce birnin Nashville a jihar Tennessee. An san wannan waƙa da ba da labarin talaka, wato aikinsa da aurensa da bashinsa da mutuwarsa. Abin da ya fi fito da ita daban shi ne mawaƙi ɗaya kan rera waƙar mashaya da waƙar tuba a zama guda, masu sauraro kuma su karɓi duka biyun hannu bibbiyu.

Asali

Jijiyoyi uku aka fi ambata. Ta farko ita ce waƙoƙin labari da kiɗan goge da masu ƙaura daga Ingila da Sikotilan da arewacin Ailan suka zo da su tun ƙarni na 18. Ta biyu ta baƙaƙen fata ce. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su ne suka fara harhaɗa banjo a tsibiran Karebiyan, da ƙoƙon duma da fata da sanda da tsirkiya. Bahaushen da ya taɓa riƙe gurmi, in ya ga hoton banjo na dā, ba sai an gaya masa akwai dangantaka ba. Masana sun fi nuna akonting, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Jolawan Senegal da Gambiya, amma ba su tsaya a kan kaka guda ba.

Jijiya ta uku ita ce coci. A ƙarni na 19 malaman waƙa sukan bi ƙauyuka suna koya wa manoma rera waƙoƙin yabo daga littattafan da aka zana kowane sauti da siffarsa, wani mai kusurwa uku, wani zagaye, domin wanda bai yi karatun kiɗa ba ya iya bi. A nan yawancin mawaƙan farko suka koyi haɗa murya. A 1910 James D. Vaughan na Tennessee ya fara tura mawaƙa huɗu-huɗu yawon tallar littattafan waƙoƙinsa, kuma wannan tsari na maza huɗu ne ya zo ya bayyana a talabijin bayan shekara sittin.

A 1923 Ralph Peer, wani jami'in kamfanin faifai, ya ɗauki muryar wani mai goge, Fiddlin' John Carson, a Atlanta, faifan ya yi kasuwa fiye da zato. A tsakiyar 1927 Peer ya kafa na'urarsa a garin Bristol, kan iyakar Tennessee da Virginia, inda ya samo Jimmie Rodgers da iyalin Carter. Rodgers tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, waƙoƙinsa na yawon duniya ne da caca da kurkuku, tarin fuka ya kashe shi a 1933. Iyalin Carter kuwa gida da uwa da kabari da lahira suka fi rerawa. Marubuta da yawa na ganin tun daga nan hanyar ta rabu biyu, kowane mawaƙi na baya yana taka duka biyun. A.P. Carter, jagoran iyalin Carter, ya tattara waƙoƙi da dama tare da wani baƙar fata mai jita, Lesley Riddle, wanda aka daɗe ba a ba shi haƙƙinsa na ambato ba.

Rediyo da ɗakin Ryman

Wani kamfanin inshora, National Life and Accident, shi ya buɗe gidan rediyon WSM a Nashville a watan Oktoba na 1925. Ranar 28 ga Nuwamba mai gabatarwa George D. Hay ya sa wani dattijo mai shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, ya yi goge kai tsaye. Shirin ya samu sunan Grand Ole Opry a 1927, kuma har yau ana yin sa. Da aka ƙara wa tashar ƙarfi zuwa wat 50,000 a 1932, sai ya zama ana jin ta da dare a jihohi masu yawa. An ruwaito cewa dillalan inshorar sukan zaga unguwanni a daren Asabar su lura da gidajen da shirin ke tashi, ranar Litinin su ƙwanƙwasa musu ƙofa. Cikin taurarin farko akwai DeFord Bailey, baƙar fata mai busa harmonika, wanda aka sallama a 1941.

Daga 1943 zuwa 1974 a ɗakin taro na Ryman ake yin shirin, ginin da asalinsa wurin wa'azi ne. Thomas Ryman mai jiragen ruwa ne a kogin Cumberland. A 1885 ya je taron wa'azin Sam Jones, an ce da niyyar tayar da hankali, sai wa'azin ya ratsa shi. Ya ɗauki nauyin gina wa masu wa'azi wuri, aka buɗe shi a 1892 da sunan Union Gospel Tabernacle, bayan rasuwar Ryman a 1904 aka sa wa ginin sunansa. Saboda haka masu kallon Opry a kan bencin coci na katako suke zama, cikin zafin bazara ba na'urar sanyaya ɗaki, kowa da maficinsa na kwali. Ta ƙofar baya kuma, lungu ɗaya ne tsakanin ɗakin da wata mashaya da mawaƙa ke leƙawa kafin a kira su dandamali. Da shirin ya koma sabon gini a watan Maris na 1974, an yanko katako mai zagaye, faɗinsa kusan mita biyu, daga tsohon dandamalin aka dasa a tsakiyar sabon. Ambaliyar da ta ci Nashville a watan Mayu na 2010 ta shanye shi, aka ciro shi aka gyara aka mayar.

Talabijin

Shirin kantiri na farko da ya yi suna a faɗin Amurka shi ne Ozark Jubilee, wanda tashar ABC ta nuna daga 1955 zuwa 1960 daga Springfield ta jihar Missouri, Red Foley na gabatarwa. Sai Tennessee Ernie Ford a NBC daga 1956 zuwa 1961. Ford ya nace sai ya rufe shirinsa da waƙar yabo, duk da ɗari-ɗarin masu talla da ke tsoron kada a kori masu kallo. Abin ya zo akasin tsoronsu, wannan ɓangare ya fi kowanne farin jini, kuma faifansa na waƙoƙin coci da ya fito a 1956 ya yi mako 277 a jadawalin Billboard, wato jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka.

Shirin Porter Wagoner, daga 1960 zuwa 1981, ya fi nuna yadda abin yake a gidajen talakawa. Rabin awa ne, wani kamfanin magunguna na Chattanooga ke ɗaukar nauyinsa, ana sayar wa ƙananan tashoshi. Wagoner zai fito cikin kwat mai ƙyalƙyali, a yi waƙa, a yi tallar magani, mai barkwanci ya yi nasa, sai a rage murya a yi ta addini. A 1967 Dolly Parton ta maye gurbin mawaƙiyar shirin, Norma Jean, kuma da farko 'yan kallo a wuraren wasa sun riƙa kiran sunan wadda ta tafi. Parton ta zauna har 1974.

Shirin Johnny Cash a ABC bai daɗe ba, daga Yuni 1969 zuwa Maris 1971, kashi 58, amma shi masoya suka fi tunawa, kuma da dalili. A Ryman aka ɗauke shi. Cash ya gayyato Bob Dylan da Joni Mitchell a kashin farko, a 1970 kuma ya kawo Louis Armstrong, wanda ya taɓa busa ƙaho a faifan Jimmie Rodgers a 1930. Yakan ware lokaci ga labarin fursunoni da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye. Ya kuma faɗa a gaban kyamara cewa shi Kirista ne, abin da bai yi wa shugabannin tashar daɗi ba. Mutumin da kowa ya san ya sha fama da ƙwayoyi ne ke wannan magana, shi ya sa aka saurare ta.

A wannan watan na Yuni 1969 CBS ta fara Hee Haw, shirin barkwancin ƙauye da waƙa, Buck Owens da Roy Clark na jagoranci. A 1971 tashar ta soke shi tare da sauran shirye-shiryenta na karkara, duk da suna da masu kallo, saboda masu talla matasan birni suke nema. Masu shirin suka koma sayar wa tashoshi kai tsaye, ya ci gaba har farkon shekarun 1990. Sau biyu a shekara ake taruwa a Nashville a ɗauki kashi da yawa a yanyanka. Cikin duk wannan raha akwai wuri guda da ba a wasa, inda Owens da Clark da Grandpa Jones da Kenny Price ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa su rera waƙar bishara, irin ta mawaƙan Vaughan.

A watan Maris na 1983 aka buɗe tashoshi biyu na kantiri zalla, CMT da TNN, kwana biyu tsakani. Tashar RFD-TV, da ta fara a 2000, ta dawo da tsofaffin shirye-shiryen ga mutanen karkara.

Daren Asabar da safiyar Lahadi

Da wannan lafazi masoya ke bayyana halin waƙar: daren Asabar na rawa da sha, safiyar Lahadi na coci da nadama. Addinin da ke cikinta galibi na Furotestan ɗin kudu ne, Baptis da Metodis da Fentikos, inda aka fi ƙarfafa zunubin mutum da tubarsa. Hank Williams shi ne misalin da aka fi kawowa. Ya shiga Opry a 1949, aka kore shi a 1952 saboda shaye-shaye, ya rasu a kujerar baya ta mota ranar 1 ga Janairu 1953 yana da shekara 29. Shi ɗin ne kuma ya riƙa fitar da faifan nasiha da sunan aro, Luke the Drifter, don kada masu mashaya su saya su sa a akwatin kiɗansu bisa kuskure. Kakan Dolly Parton mai wa'azin Fentikos ne, a cocinsa ta fara waƙa. Cash ya sha rera waƙa a tarukan wa'azin Billy Graham.

Rayuwar yau da kullum

Ƙarfin waƙar yana cikin kiran abu da sunansa: albashin da bai kai ƙarshen wata ba, gonar da banki ya karɓe, direban tirela da ya yi mako bai ga iyalinsa ba. Yawancin mawaƙan dā abin da suka sani suke faɗa. Loretta Lynn 'yar mai haƙar kwal ce daga Kentucky, ta yi aure da ƙuruciya, kuma a 1975 gidajen rediyo da dama sun ƙi sa waƙarta kan maganin hana haihuwa. Merle Haggard yana fursuna a kurkukun San Quentin lokacin da Cash ya yi wasa a can, wajen 1958 zuwa 1960, majiyoyi sun saɓa kan shekarar.

Masoya

Kusanci tsakanin mawaƙi da masoyi al'ada ce da ake tinƙaho da ita. Tun 1972 ake bikin Fan Fair a Nashville, wanda yanzu ake kira CMA Fest, inda mawaƙa ke zama a rumfuna ana gaisawa. A na 1996 Garth Brooks ya yi awa 23 yana sa hannu a hotuna.

A Afirka

Mawaƙi Jim Reeves ya zaga Afirka ta Kudu a 1962, kuma bayan rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1964 faifansa, musamman na addini, sun ci gaba da yawo a nahiyar. A Najeriya muryarsa da ta Don Williams da Kenny Rogers da Dolly Parton sun zama sanannu ta rediyo da kaset. Don Williams ya yi wasa a Harare ta Zimbabwe a 1997. Mawaƙi Shaboozey, wanda waƙarsa ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2024, haifaffen Virginia ne, iyayensa 'yan Najeriya.

Taƙaddama

Batun launin fata bai kwanta ba. Charley Pride, baƙar fata, ya lashe babbar kyautar CMA, ƙungiyar masu sana'ar kantiri, a 1971, amma baƙaƙen da suka kai matsayinsa 'yan kaɗan ne. A 2003 gidajen rediyo da dama sun daina sa waƙoƙin ƙungiyar mata ta Dixie Chicks bayan ɗayarsu ta soki Shugaba Bush a Landan kan yaƙin Iraƙi. Tsofaffin masoya na kukan cewa waƙar zamani ta bar goge ta koma kiɗan birni, matasa na musantawa.

Halin yanzu

Yawancin sauraro ya koma intanet. Opry ya cika shekara 100 a 2025.