Karatun gudanar da harkar jiragen sama haɗe da kasuwanci: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito ban samu sakat ba. Laifina ɗaya ne. Na yi shekaru a Yamai ina aiki, da farko a ofishin sayar da tikitin jirgi, daga baya wajen masu tarbar jirgi a ƙasa, kafin in tattara in dawo gida Damagaram. Shi ke nan, duk yaron da ya furta kalmar jirgi a gidansu sai a turo mini shi. A ƙofar masallaci a tare ni, a wajen suna a tare ni, ranar nan har a kasuwar Dole ina cinikin tattasai wani dattijo ya riƙe mini hannun riga. Tambayoyin kuma ba sa canzawa. Ga su nan na rubuta. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Kawu, in na gama wannan karatun zan tuƙa jirgi?

A'a. Tuƙi makarantarsa daban, lasisinsa daban, gwajin lafiyarsa daban, kuɗinsa kuwa kada ma a yi magana. Kai a ƙasa za ka zauna, gaban kwamfuta.

To me ake koyarwa ke nan?

Kasuwanci ake koyarwa, sai dai hajar jirgi ce. A farko kusan abin da ɗan jestiyon, wato mai karatun gudanar da kasuwanci, yake karantawa ne: lissafin shige da ficen kuɗi, tattalin arziki, ƙididdiga, dokar kasuwanci, tallata haja, kula da ma'aikata. Daga nan a shigo da na jirgi: tsara hanyoyi da lokutan tashi, yanka farashin tikiti, tafiyar da filin jirgi, dakon kaya, tsaro da kiyaye haɗari, da ƙa'idojin ICAO, wadda mu nan muka fi sani da OACI. Hukuma ce mai tsara ƙa'idojin jiragen farar hula na duniya, da ta samo asali daga yarjejeniyar Shikago ta 1944, mazauninta yana Kanada.

In kana son ka gane abin a dunƙule, dubi mai tumatir. In kasuwa ta watse bai sayar ba, yana iya yankawa ya shanya ya yi kauɗa. Kujerar jirgi ba ta shanyuwa. A ce jirgi mai kujera 70 ya tashi daga nan zuwa Yamai da mutum 40. Da zarar an rufe ƙofa, kujeru 30 ɗin nan sun tafi har abada, alhali an sha mai, an biya matuƙa, an biya kuɗin sauka. Shi ya sa za ka ga mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya biya ninkin abin da ɗayan ya biya. Ba zalunci ba ne, lissafi ne, kuma darasi ne guda da ake shafe wata da watanni a kansa. Ƙara da cewa man jirgi kaɗai yakan lashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da kamfani ke kashewa, kusan rabin jiragen fasinja na duniya kuma na haya ne. Haya da kayan gyara da dalar Amurka ake biyansu, kai kuma da sefa kake sayar da tikiti.

Akwai kuma ranar da littafi ba ya ceton ka. Hazo ya rufe gari lokacin hunturu, jirgi ya kasa sauka, ga mutane cike da zaure, ga wata tsohuwa da ke da alƙawarin likita gobe a Yamai. Ko a tsakiyar bazara, rana ta take, iska ta yi sirara saboda zafi, aka ce jirgi ba zai ɗauki cikakken nauyi ba, sai an bar wasu jakunkuna. Jakar wa za a bari? Wa zai faɗa wa Alhaji? Kai ne.

Ba EAMAC ba ce ke yin wannan a Yamai?

Kuna haɗa abin da bai haɗu ba. EAMAC makarantar ASECNA ce, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama. Makarantar tana Yamai tun 1963, kuma ƙwarewarta tana wajen masu ba jirgi hanya a sama, masana yanayi, da masu kula da na'urorin sadarwa da na sauka. Da kwankur, wato jarrabawar gasa, ake shiga, masu kimiyya aka fi nema. Makaranta ce mai daraja, ƙasashe da yawa na turo mata ɗalibai, mu kuma tana gabanmu muna raina ta. In kai ɗan bak C ko D ne mai kai, je ka gwada kwankur ɗin kafin ka fara mafarkin Turai. Amma ba digirin kasuwanci za su ba ka ba. ASECNA tana da wasu makarantun biyu: ERNAM a Dakar, da ERSI a Duwala inda ake horar da ƴan kwana-kwanan filin jirgi.

Ni bak A na yi, ba na shiri da lissafi. Zan iya?

Za a iya ɗaukarka. Iyawa kuma sai ka sasanta da lissafi. Ba na injiniyoyi ba ne, amma wanda kashi cikin ɗari ke sa shi gumi zai sha wuya. Masu bak G sun fi ku sauƙin farawa.

Dole ne sai da Ingilishi? Ai ina jin Faransanci sosai.

Wannan tambayar ce ta fi ɓata mini rai. Harshen jirgi Ingilishi ne. Takardun jirgin da Ingilishi suke, yarjejeniyar haya da Ingilishi, saƙon da za a turo maka daga Adis Ababa ko Istambul da Ingilishi. Kano ga ta nan, tafiyar da ba ta kai kilomita 300 ba, kuna zuwa sarin atamfa da takalma, amma a ce yaro ya zauna wata shida ya koyi harshe sai a ce ba hali. Ba a fafe gora ranar tafiya. Fara yau, ko da rediyo ne da wayar hannunka.

Baba ya ce zai sayar da gonarmu ta hanyar Mirya ya tura ni waje in yi wannan karatun. In tafi kai tsaye, ko in fara jestiyon a gida?

To, zauna, wannan ba ta amsuwa a tsaye. Kuma duk abin da zan faɗa, ka sani ban san aljihun Baba ba, ban san ƙwazonka ba.

Abu na farko da nake so ka riƙe: ƙofar aikin jirgi a ƙasar nan ƙarama ce. Ƙidaya su da yatsu. Akwai ANAC mai sa ido kan harkar, akwai ASECNA, akwai filin Diori Hamani wanda kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta aka buɗe a 2019 yake kuma tafiyar da shi, akwai masu tarbar jirage a ƙasa, ofisoshin kamfanonin waje, masu dakon kaya, da ƴan ajans na tikiti da aikin hajji. Ba kowace shekara suke ɗauka ba. Wanda takardarsa ta ce jirgi kawai, in waɗannan ƙofofin suka rufe, sai ya tsaya yana yi wa banki ko kamfanin motocin safa bayanin abin da ya karanta. Wanda kuwa yake da lasisi, wato digirin farko, na jestiyon ko tattalin arziki ko lojistik, ya ɗora masta ta jirgi a kai, yana da ƙafa biyu. Saboda haka, ga yawancin yaranmu, ni na fi karkata ga a yi shekara 3 na lasisi a gida, a Jami'ar Abdou Moumouni ko wata daga cikin namu, a gyara Ingilishi a cikin shekarun, a nemi sitaj, wato horon sanin aiki, ko da a ƙaramin ajans ne, sannan a fita masta. Masta shekara 1 ce ko 2. Kuɗinta bai kai na digirin shekara 4 a waje ba, kuma lokacin ka girma, ka san ko da gaske kake so ko kakin ma'aikata ne ya ruɗe ka.

Amma ba zan ce haka ne ga kowa ba. In ka samu burs cikakkiya, wato tallafin karatu, zance ya canza. Turkiyya tana da jami'o'i da dama masu wannan fanni na shekara 4, gwamnatinsu kuma tana da shirin burs da ƴan Nijar ke nema kowace shekara. Habasha tana da jami'ar jiragen sama ta kamfanin Ethiopian, inda ɗalibi ke karatu a jikin kamfani mai aiki, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Masu nisa da tsada, irin su ENAC a Tulus ta Faransa, Cranfield a Ingila, Embry-Riddle a Amurka, suna da suna, amma gona ɗaya ba ta kai mutum can ta dawo da shi. Ka leƙa ANAB, hukumarmu mai kula da burs, ka ga abin da ke akwai a shekarar. In wani ne zai biya, tafi, Allah ya tsare. In gonar Baba ce za ta biya, ka yi lissafin shekara ta ƙarshe kafin ta farko: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, takardar zama, tikitin dawowa. Na ga waɗanda kuɗi ya yanke musu a shekara ta biyu, suka dawo ba takarda, ba gona.

Sai kuma abin da kowa ke tsallakewa. Kafin a biya ko dala, a tabbatar gwamnatin ƙasar da makarantar take ta amince da ita, kuma takardar za ta samu daidaito a nan, wato a ɗauke ta daidai da tamu. In a ƙasashenmu masu Faransanci ne, a duba ko CAMES, hukumar da ke tantance takardun jami'o'insu, ta san da shirin. Wani yaron unguwarmu ya yi shekara 3 a wata makarantar kuɗi a bakin teku. Ya kawo mini takardarsa a cikin leda, mai zanen zinariya a gefe, da hoton jirgi yana ratsa gajimare, har da jan kambu. Kyakkyawa ƙwarai. Da ya kai dosiyensa neman aiki aka ce a kawo shaidar daidaito, nan magana ta tsaya. Na tambaye shi ko ya taɓa yin sitaj a filin jirgi, ya ce sau ɗaya aka kai su suka ɗauki hoto. Yanzu yana taya wansa shago a Zango.

Saboda haka ka tambayi makarantar abu uku, kada ka ji kunya: a ina ɗalibanku ke yin sitaj, wata nawa, kuma waɗanda suka gama bara suna ina? In aka fara yi maka kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka. In kuma ka ga duk wannan ya yi maka tsawo, akwai gajerun kwasa-kwasan IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, na tikiti, dakon kaya da kaya masu haɗari, wasu ta intanet ake yi. Ba digiri ba ne, kada wani ya ce maka digiri ne, amma a ajans an san darajarsu. Mai yiwuwa a wajenka wannan ce hanyar da ta fi, mai yiwuwa kuma a'a. Ka kawo Baba mu zauna mu uku.

Yaya, ni mace ce. Mama ta ce aikin masu raba abinci ne a jirgi, ba za ta yarda ba.

Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ki kuma kwantar da na Mama. Wancan aiki ne daban, horonsa daban, kuma shi ma ba abin rainawa ba ne. Naki na ofis ne. A inda na yi aiki, wadda ta fi kowa iya Amadeus, manhajar da ake kama kujera da yanka tikiti, mace ce da hijabinta har ƙasa, kuma duk ranar da lissafi ya rikice wajenta muke layi. Abin da ya kamata Mama ta sani tun yanzu shi ne lokaci. Jirgi bai san dare ba, bai san Sallah ba. In a filin jirgi aka sa ki, za ki yi kwanan aiki.

Me ya sa kullum kake kawo zancen kamfanin jirgin Air Afrique?

Don ku ba ku gan shi ba. Ƙasashenmu, har da Nijar, suka haɗu suka kafa shi a 1961, ya zama abin alfahari, ya durƙushe a 2002. Ba matuƙa ya rasa ba, ba kuma fasinja ba. Bashi ne, da yawan ma'aikata, da katsalandan na gwamnatoci. Wato daidai abin da wannan karatun ya shafa. Duba kuma ASKY da ta fara tashi daga Lome a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian, har yau tana sama. In malaminku bai sa ku kwatanta waɗannan biyun ba, ku tambaye shi dalili.

Zan samu aiki a nan Damagaram?

Da wuya a farko. Filinmu ƙarami ne: jiragen cikin gida, na ma'aikatan agaji, sai na manya in sun kawo ziyara. Abin da ke motsi a nan shi ne hajji da umara, kuma mai ajans da ya samu yaron da ya iya tikiti da Ingilishi da lissafi ba ya sakinsa. In ba haka ba, shirya jakarka, Yamai kusan kilomita 900 ce.

Nawa ne albashi?

Ba ka shiga aji ba tukuna. Ya danganta da wanda ya ɗauke ka. Na ƙaramin ajans da na hukumar ƙasa da ƙasa ba su ko kama hanya ɗaya ba.

Gaskiya ne ma'aikata na shiga jirgi kyauta?

Ma'aikatan kamfanin jirgi kan samu tikiti mai rangwame, amma sai in kujera ta rage bayan an gama ɗaukar masu biya, kuma haraji kai za ka biya. In jirgi ya cika, kana tsaye da jakarka zai tashi. Ma'aikacin filin jirgi ko na ajans kuma kada ya sa rai. A'a, ba zan iya samo wa Hajiyarku ba.